Kafin Ya Dangwala Yatsa

Likita.

Ko kuwa in ce amarya? Tun kina rarrafe a tsakanin dilolin atamfa a bayan shagona nake kiranki da wannan suna, kakarki tana harara ta tana cewa ita ba ta yarda da kishiya mai majina ba. Yanzu iyayenki sun ce in gyara bakina, tunda kin yi rantsuwa a gaban manyan likitoci an rataya miki abin sauraren ƙirji a wuya. To na gyara, amma a gaban mutane kawai. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa hannunki ya zama mai sauƙi a kan bayinsa.

Ranar walima na so mu zauna, hayaniya ba ta bari ba. Shi ya sa na ɗauko biro bayan la'asar, da kasuwa ta ɗan lafa, na ce bari in rubuta miki abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kin san ban taɓa riƙe allura ba. Shekara hamsin da 'yan kai ina Kantin Kwari, sanina bai wuce shadda da leshi da atamfa ba. Sai dai mai zaman kasuwa yana karantar mutane, kuma mutanen nan da nake sayar wa zane su ne za su kwanta a gabanki.

Dubi yadda ake ciniki a wurinmu. Mace za ta zo ta sa a sauko mata da turmi biyar, ta murza gefen kowanne tsakanin yatsu, ta fita da shi bakin shago ta ɗaga a rana, wata har ta jiƙa yatsa ta goga ta ga ko yana zuba. Ta taya, in ce albarka, ta yi gaba zuwa shagon maƙwabcina, in ta ga dama ta dawo. Duk wayon ɗan kasuwa, mai saye yana da ido da hannu da ƙafa. Wanda za a kawo miki da tsakar dare kuwa, wuya a sanƙare, uwarsa tana kuka a bakin ƙofa, ba shi da ko ɗaya cikin ukun nan. Ba ya iya murza maganin da za ki ba shi ya ji ko mai kyau ne. Ba ya iya tayawa. Ba shi da shagon gaba, don kuɗin a-daidaita-sahun da ya kawo shi ma ranto su aka yi. Duk abin da kika faɗa, "to" za a ce miki. Wannan "to" ɗin nake so ki ji tsoronsa fiye da yadda kika ji tsoron jarrabawar ƙarshe.

Ni kaina na taɓa cin amanar irinsa. Da sauran ƙuruciyata, akwai wani bawan Allah a Maraɗi da yakan aiko kuɗi ta hannun direba in zaɓa masa kaya in ɗaure, ko zuwa ba ya yi. Wata shekara aka kawo mini dila guda da na san rininta bai kama ba. Na ce a raina ai bai tambaye ni ba, na cusa masa ita cikin kayan sallah. Ƙarya ban yi ba, baki kawai na kama. Bai aiko da faɗa ba, bai nemi kuɗinsa ba, amma daga wannan shekarar ban sake ganin direbansa ba. Da na kai maganar zauren malaminmu, sai ya tuna mini ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji na ƙasan a jiƙe, ya tsawata wa mai shi a kan ɓoye aibi. Malam ya ce shirun wanda ya sani a gaban wanda bai sani ba, shi ma algus ne. Na je har Maraɗi na nemi gafara. Mutumin ya yafe, cinikin dai bai dawo ba.

Wancan zane ne, in ya zuba a wanke a sa a hakan. Irin wannan shirun ya taɓa faruwa a kan rayukan yara, kuma ba a wata uwa duniya ba, a nan bayanmu, tafiyar ƙafa daga inda nake zaune.

Ba a haife ki ba a 1996. A shekarar ne sanƙarau ya yi mana dirar mikiya, ga kwalara ga ƙyanda duk a lokaci guda. A faɗin Najeriya sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu a Arewa. Har Saudiyya ta rufe wa maniyyatanmu ƙofa a shekarar. Mutane sun biya kuɗin kujera, sun ɗinka kayan tafiya, suka yi babbar sallah a gida. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Titin Faransa a Sabon Gari, wanda muke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, tana ciki tana ba da magani kyauta, wani tsohon magani da aka sani aka yarda da shi, kuloramfenikol.

Cikin watan Afrilu sai ga ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka sun sauka a asibitin da sabon maganinsu mai suna Trovan, wanda a lokacin bai sami izinin shiga kasuwa ba. Suka ɗebi yara wajen 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar seftiriyazon don a gwada wanne ya fi, ita ma allurar ba a cika ta zuwa adadin da aka ƙayyade ba. Cikin mako biyu ko ɗan fiye suka tattara kayansu suka koma, annoba tana tsakiyar ci. Yara 11 sun rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki.

A nan sai in yi adalci, don ban so ki gaji fushi ba tare da hujja ba. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurumtarwa, yana makantarwa, ko an ba da maganin da ya fi kowanne. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar ba maganinsa ba, cewa yaran da ya kula da su sun fi tsira a kan sauran da annobar ta kama, cewa an rage allurar ne don rage wa yara zafinta, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Har yau bai amsa laifi ba. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan, taku kaɗan daga inda suke, akwai maganin da aka riga aka tabbatar, kyauta. Takardar amincewa mai sa hannu ko dangwalen yatsan uba ɗaya ba ta bayyana ba. Ko da a ce Trovan ya warkar da duk ɗari biyun, wannan tambaya tana nan: an gaya musu? An ba su zaɓi?

Mu da muke garin ba mu san komai ba sai bayan shekara huɗu, da jaridar Washington Post ta fasa ƙwai a Disambar 2000, muka ji a rediyo. Daga nan magana ta yi ta fita. Akwai wasiƙar da aka nuna wa hukumomin Amurka, wai kwamitin ladubban bincike na Asibitin Malam Aminu Kano ya ba da izini a watan Maris na 1996. Shugaban asibitin na lokacin, Dakta Sadiq Wali, ya fito ya ce a wancan lokaci ko kwamitin ma babu. Ashe daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama aiki a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Rahoton ya kwanta a durowa shekara biyar, sai a 2006 aka tsegunta shi ga jarida. Shi kuwa Trovan, Amurka ta ba shi izini a ƙarshen 1997 don manya kawai, ba ta taɓa amincewa a ba yara ba. A 1999 ta taƙaita amfani da shi ƙwarai saboda yana lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

Shari'a ta yi tsawon da ya gajiyar da kowa. Iyalai sun kai ƙara a birnin New York tun 2001, ana kora suna komawa, har a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba abu ne da dokar duniya ta haramta. Gwamnatin Kano ta shigar da tata ƙarar a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai kuma aka ce a yi gwajin ƙwayoyin halitta don a tantance masu haƙƙi, saboda waɗanda suka fito sun haura 500 alhali yaran 200 ne. Wannan ma abin kunyarmu ne, ban ɓoye miki ba, talauci da kwaɗayi sun shiga cikin makoki. A watan Agustan 2011 aka biya iyalai huɗu na farko, dala 175,000 kowanne. Ki ƙirga: shekara goma sha biyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin nan ba Turawan ba ne. Baturen da ya sauka daga jirgi jiya ba ya iya magana da uwa 'yar Kurna ko Rijiyar Lemo. Dole sai da tafinta, da nas, da likita ɗan gida da zai ce mata "kawo shi nan". Da ɗan gari akan ci gari. Wanda yake tsaye tsakanin baƙo mai kuɗi da uwar da hankalinta ya tashi, irinki ne. Ban ce miyagu ba ne waɗanda suka tsaya a wurin a 1996. Mai yiwuwa sun gaji, gawa tana fita kullum, ga baƙi sun zo da magani da kayan aikin da asibiti ba shi da su, ga manya sun ce a ba su haɗin kai, zamanin soja ne kuma. A irin wannan rana ne mutumin kirki yake cewa ba lokacin dogon bayani ba ne. Irin ranar za ta zo miki, kuma ba za ta zo da ƙaho ba. Za ta zo da tallafin bincike, da alawus na dala, da sunanki a kan takardar da za a buga a ƙasar waje.

Kada ki ɗauka ina hana ki bincike. Duk ƙwayar da nake haɗiya da safe, a jikin 'ya'yan wasu aka fara gwada ta. Rigakafin sanƙarau da ake kira MenAfriVac, wanda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya iso Najeriya a 2011, shi ma an gwada shi a ƙasashen Afirka kafin nan, kuma shi ya kusa kawar da irin sanƙarau ɗin da ya ci mu a 1996. Kuma dokoki ba yau aka fara su ba. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Hitila a Nuremba, aka rubuta cewa yardar mutum ita ce sharaɗin farko. Likitocin duniya suka ƙara jaddadawa a Helsinki a 1964. Ashe a 1996 ba doka aka rasa ba, mai tsayawa a kanta aka rasa. Yanzu muna da kwamitin ƙasa mai kula da ladubban binciken lafiya da ƙa'idojinsa na 2007, muna da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Takarda ce duk, sai an sami mai ƙin sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Kin san bashin wannan shirun wa ya biya? A 2003 magana ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan-inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa. Dakta Datti Ahmad na majalisar ƙoli ta harkokin shari'a yana cikin waɗanda suka ɗaga murya, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai ƙarshen watan Yulin 2004, da aka kawo na Indunusiya. Dalilai sun yi yawa a lokacin, har da yaƙin Iraƙi da rashin yarda da Amurka, amma a majalisun Kwari duk gardamar da aka fara, da Asibitin Zana ake rufe ta. In ka ce rigakafin lafiya lau ne, sai a ce maka haka aka ce wa iyayen yaran can. Ni ma, Allah ya yafe mini, na hana masu ɗigo shiga gidana a shekarar. Allah ya tsare nawa, bai tsare na kowa ba. Cutar ta tashi daga nan ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, wajen ashirin, har Yaman da Indunusiya. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a garin nan, akasarinsu mata masu neman abin sa wa a bakin salati. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Rigakafin ba shi da laifi, mu muka yi kuskure. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma yaran da suke jan gindi a bakin danja yau ba su san Trovan ba, ba su san Pfizer ba.

To bar manyan labarai, mu dawo kan abin da za ki tarar gobe da safe, inda babu jarida babu lauya.

Shekarun baya kakarki ta yi ta zubar jini, muka kai ta wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Wani matashin likita ya fito da sauri ya miƙo mini takarda da Turanci, ya nuna layi ya ce, "Baba, sa hannu nan." Ni da ban taɓa sa hannu a takardar kaya ba sai na ƙirga dila ɗai-ɗai, na sa hannu ban tambayi komai ba. Aka yi tiyata, aka yi nasara, ta rayu, ga ta nan tana yi mini gorin tsufa. Bayan kwana uku, daga hirar ma'aikatan jinya a gefen gadonta ta ji cewa an cire mata mahaifa. Aikin ya zama dole, kuma ta riga ta wuce haihuwa. Amma wata guda ta yi ba ta yi mini magana sosai ba, da ta buɗe baki kuwa abin da ta ce shi ne, "Jikina ne, Alhaji. Ko tunkiya za a yanka ana shafa mata kai." Hankalinta garau yake a ranar, bakinta yana magana. Ba wanda ya tambaye ta. Ni aka tambaya, ni ma ba bayani aka yi mini ba.

Na san al'adarmu. Za ki ga mace tana naƙuda jini yana zuba, a ce sai maigida ya zo ya sa hannu, maigida yana Legas ko wayarsa a kashe. Ki girmama miji, ki neme shi, ki yi masa bayani da ladabi, don da shi za ta koma gida. Amma ki fara da mai jikin. Mace baliga mai hankali, dokar aikinku ta ba ta ikon amincewa da kanta, kuma ban taɓa jin malamin kirki ya ce a bar rai ya salwanta ana jiran waya ba. Wannan magana miji ne yake gaya miki ita, mijin da ya taɓa sa hannu a kan jikin da ba nasa ba.

Na kuma ga yadda ake yi daidai. Likitan da ya gano mini hawan jini ya juya bayan katina ya zana mini zuciya da jijiyoyi kamar famfo da tiyo, ya gaya mini abin da ƙwayar za ta yi, da abin da za ta iya jawo mini, da abin da zai faru in na ƙi sha. Da ya gama sai ya ce, "Baba, yanzu kai ka maimaita mini abin da na faɗa." Na maimaita, na yi kuskure a wuri biyu, ya gyara. Duka-duka minti biyar. Ki ari wannan dabara. Bahaushe in ya ce ya gane, sau da yawa kunya ce take magana. Kuma ki koyi faɗin ciwo da Hausar kasuwa. Shekara shida ana cusa miki Turanci, har a gida na ji kina haɗa shi da Hausa kamar fate. Tsohuwa daga Gezawa ba za ta ce miki ba ta fahimta ba, kai kawai za ta gyaɗa ta miƙa yatsa a dangwala.

Akwai wani abu da ya fi wannan wuyar faɗa. Mutanenmu masu tawakkali ne. In majinyaci ya rasu, kafin ki buɗe baki danginsa sun ce kwana ne ya ƙare, har su yi miki godiya su ɗauki gawarsu. Gaskiya ne, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma wannan kyakkyawan hali nasu ya zama bargon da ake lulluɓe sakaci da shi. A wasu ƙasashe likita yana tsoron lauya. Ke a nan da wuya a kai ki ƙara, ko da yake hukumar likitoci ta ƙasa tana da kotun ladabtarwa, don talaka bai san hanyarta ba, wanda ya sani kuma zai ce ya bar wa Allah. To ki sani wanda aka bar wa ɗin ba ya mantuwa. Ranar da hannunki ya kuskure, kuma zai kuskure, ki gaya wa na gaba da ke, ki rubuta a fayil yadda abin ya faru ba yadda kike so ya kasance ba, ki sami dangin ki faɗa musu. Ƙaddara ta mai haƙuri ce ya faɗa, ba ta mai laifi ba ce ya fake da ita.

Maganar kuɗi kuwa, ni ɗan kasuwa ne, ba zan yi miki wa'azin ƙin riba ba. La'ada halal ce a wurinmu saboda kowa ya san dillali dillali ne. In kin tura majinyaci wani ɗakin gwaji ko wani kemis saboda ana ba ki kamasho a ɓoye, ko kin ce wa wanda ya zo asibitin gwamnati ya same ki da yamma a naki na kuɗi alhali ana iya yi masa a nan, kin zama dillaliyar da mai saye yake zaton 'yar uwarsa ce. Wani ɗan dako da ke sauke mana kaya, mota ta taɓa buge shi a bakin kasuwa, muka kai shi wani asibitin kuɗi, aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Muka yi karo-karo a tsaye yana zubar da jini. Daga baya na ji cewa dokar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, har da tara da ɗauri. Na san ba ke za ki sayi auduga da ruwan ƙari daga albashinki kullum ba, na san ana aiki da fitilar waya in wuta ta ɗauke. Abin da ke hannunki shi ne ki fara tsayar da jinin, a yi maganar kati daga baya.

Da yawa daga cikin masu zuwa wurinki sai sun biya ta kemis tukuna. Shekara da shekaru kasuwar magani ta Sabon Gari tana sayar da ƙwaya kamar yadda muke sayar da yadi, har hukumomi suka rufe shaguna sama da dubu a 2024 don a koma sabuwar cibiya ta Dangwauro. Hadisi ya ɗora alhakin ɓarna a kan wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba. Amma kada ki yi wa majinyaci tsawa don ya fara da can. Mai kemis ya san sunansa, yana ba shi bashi, yana sauraronsa. Ki tambayi kanki me ya sa ya fi sakin jiki da shi.

Sai sirri. A Kwari in mutum ya karye, kafin azahar labari ya kai kasuwar Singa. Ke kuwa za ki san wacce take ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da wanda ba ya haihuwa, da budurwar da aka kawo da abin da iyayenta ba su sani ba. Wasu 'yan unguwarku ne, wasu surukanmu. Ko ni na tambaye ki, kada ki gaya mini, kuma zan tambaya, don tsufa yana zuwa da son jin ƙwaƙwaf. Wayar nan taki ma ki kiyaye ta, hoton ciwon mutum al'aurarsa ce ko an rufe fuska.

Mahaifiyarki ta ce mini rabin 'yan ajinku suna shirin jarrabawar tafiya Ingila ko Saudiyya. Ba zan ɗaure miki ƙafa ba, ni ma neman abinci ne ya fito da ni daga ƙauye. In tafiyar ta kama, ki bari ki ɗan biya garin nan wani abu tukuna, don a jikin talakawansa kika koyi aikin, su suka bari kika soka musu allurarki ta farko hannunki yana rawa.

An kira magariba, yara suna jan ƙofar shago. Ranar Asabar ki biyo ta Kwari, na ajiye miki turmi biyu, ki murza da kanki ki zaɓa. Ki taho da abin awon jinin nan naki. An ƙara mini wata ƙwaya ƙarama fara a watan jiya, na ce "to" na karɓa, har yau ban san aikinta ba. Ki zo ki yi mini bayani da Hausa, in maimaita miki.

Ki gaida iyayenki. Kakarki tana gaishe ki, wai a gaya miki har yanzu ita ce uwargida.